Shirun da Na Yi a Sanarwar Malam Ari

Ranar Talata ta farko bayan ƙaramar Sallah, ƙarfe goma da kwata na safe, a ɗakin da muke ajiye tsofaffin kaset na gidan rediyonmu a Damagaram. Waɗanda ke wurin: ni, Isufu, mai shekara talatin da ɗaya a karatun sanarwa, Tanimun mai haɗa sauti, wanda ya shigo neman sanyi, sai matasa huɗu da lakwal, wato makaranta, ta aiko mana sitaji, koyon aiki. Darekta ya ce in koya musu aikina kafin in ajiye shi.

Ɗaya daga cikinsu, mai tabarau, bai bari na zauna ba.

"Baba, mu fa labarai muka zo koya. Sanarwa ai karatu ne kawai. Ɗan aji shida ma zai iya."

Na ce ya yi gaskiya. Na zaro wata tsohuwar takarda daga kayena, littafin da nake shigar da sanarwa, na ɗora ta gaban mikro da ba a kunna ba, na ce ya karanta mana. Ya gyara murya irin ta manyan gidajen rediyon waje, ya fara: "Malam Ari baduku, Birni, na gayyatar 'yan'uwa da abokan arziki na Gaffati da Takieta zuwa sunan jikansa, ɗan 'yarsa Fanna..." Sai ya tsaya. Ya juya takardar ya duba bayanta. Ya juyo ta, ya ƙarasa.

Tanimun ya ce, "Uku." Tun da yaron ya tsaya yake ƙirgawa da yatsa.

Na ce masa, "Sannu. Yanzu ka fitar da mace daga gidan ubanta." Abin da na faɗa musu bayan haka shi na rubuta a nan, saboda a ranar rabin hankalinsu yana kan wayoyinsu. Sunayen mutane na sauya su.

Kayan aikin mai sanarwa ba su cika aljihu ba. Akwai kaye, inda ake shigar da kowace takarda a ba ta lamba. Akwai jan bik, wato alƙalami, da shi ake sa alama a inda za a ja numfashi. Akwai kofin ruwa, wanda ba na sanyi ba. Mikro ba kayanka ba ne, maƙwabcinka ne mai kunnen tsegumi: yana jin motsin takarda fiye da yadda yake jin muryarka, yana jin haɗiyar yawu, yana jin murmushi. Shi ya sa ake shimfiɗa takarda a kan tebur tun kafin jar fitila ta kama, ba a sake taɓa ta.

Wanda ya koya mini shi ne Baba Sanda. Wata shida na yi ina bin sa ban ce uffan a iska ba. Aikina in karanta masa takardu a tsaye, a tsakar gida, yana shan shayi yana kallon wani wuri. In na ɗaga murya a kan sunan babban mutum, sai ya ce, "Ya ba ka riga ne?" In na sassauta a kan sunan mamaci, sai ya ce, "Kawunka ne?" Dokarsa ɗaya ce mai kai uku: ba ka ƙarawa, ba ka ragewa, kuma muryarka ba ta da ra'ayi. Na huɗun bai sa shi cikin doka ba don yana ganin ko jaki ya san shi: ba ka shiga da takardar da ba ka karanta ba.

Sanarwar rasuwa ita ce uwar aikin. Wanda bai san garin nan ba zai ɗauka labarin mamaci ake bayarwa. Mamaci layi ɗaya yake samu, can ƙarshe. Sauran na masu rai ne: iyalan wane a Damagaram da Yamai, iyalan wane a Maraɗi da Kano da Jidda, iyalan wane a Faransa. Na san gidan da ɗansu ya taɓa sauya jirgi a Faransa, kuma tun daga lokacin ba a yi musu mutuwa ba tare da Faransa ta shiga takarda ba. Wata rana wani dattijo ya taso daga Takieta, da sandarsa, ya zauna a ƙofarmu tun hantsi, saboda an sa shi na bakwai, bayan mijin ƙanwarsa. Na nuna masa takardar, na ce haka aka kawo ta. Ya ce ya sani, amma ni ne na faɗa gari ya ji. Mamacin yayansa ne. Har ya tafi bai ambace shi ba.

Masu sauraro kuwa ba sunayen da ke ciki suke jira ba. Ku shiga lungunan Birni da ƙarfe sha ɗaya da rabi, lokacin sanarwa, za ku tarar an dakatar da daka. Ana ƙirga wanda babu. Surukin da aka tsallake, ɗan da aka sa bayan ƙaninsa, matar da aka ce "da sauransu". Alƙali yana yanke hukunci ranakun aiki, da shaidu. Takardar sanarwa tana yanke nata kullum, ba ɗaukaka ƙara.

Shekarata ta biyu a aiki ita ce shekarar da hatsi bai yi ba. Damina ta ɗauke gero yana bununi. Kayenmu ya cika da cigiya: wance na neman mijinta da ya tafi cin rani Kano bai aiko ba, wane na neman raƙuminsa, mutanen gari kaza na sanar da 'yan'uwa cewa sun tashi, kada a je neman su. Sanarwar aure ta yi ƙaranci har muna yi wa juna albishir in ta zo. Wuta tana zuwa ne in ta ga dama, in ta zo kuma sai a ruga a shiga iska kafin ta sake shawara. A irin wannan shekara mutane ba su da abin taunawa, sai maganar juna.

A cikinta ne Malam Ari ya zo, ranar Litinin. Baduku ne na Birni, mai ɗinka matasan fata da kube, yatsunsa ja da rini har farce. Baba Sanda yana kwance da masassara, ni kaɗai ne. Dattijon ya miƙo takarda a ninke, ya ce, "Sunan jikana ne, ɗan nan. Ka karanta yadda aka rubuta." Ina cikin ba ta lamba wuta ta dawo. Tanimun ya leƙo ya ce in taho. Na kwashi takardu na shiga, tasa ban warware ta ba sai a gaban mikro.

Sai kun san al'ada za ku gane girman abin. Haihuwar fari a gidan iyayen mace ake yin ta, saboda haka kaka ya gayyaci mutane suna ba baƙon abu ba ne. Malam Ari ya san haka, kuma da shi ya yi dabara. Ya rubuta gaskiya tsantsa, bai ƙirƙiro wa 'yarsa miji ba, ya bar al'ada ta rufe sauran. Da an karanta takardar a miƙe, da mutanen Gaffati sun zo sun ci nama sun koma. Maƙwabta sun sani, amma abin da maƙwabta suka sani bai zama abin kunya ba tukuna. A garin nan sai an faɗi abu a fili kafin mutanen kirki su sami izinin jin haushinsa.

Ni kuwa harshena ya saba. Bayan sunan mai jego, "mai ɗakin wane" ke biyowa, kamar yadda amin ke bin addu'a. Na ce "ɗan 'yarsa Fanna", bakina ya buɗe don sunan miji, ido bai same shi ba. Na tsaya. Na juya takardar ko an ƙarasa a baya. Mikro ya ɗauki ƙarar juyawar, ya kai ta har Takieta. Bayan takarda fari fat. Na ce, "To." Sannan na ƙarasa: ranar Alhamis da safe, a ƙofar gidansa.

Ban ƙara kalmar ƙarya ba, ban rage ta gaskiya ba. Da Baba Sanda ya warke ya sa aka kunna masa kaset ɗin. Ya ƙirga shirun da yatsa, ɗaya, biyu, uku. Ya ce, "Ka yi wa'azi mai kyau, Isufu. Wa ya naɗa ka liman?" Ya mayar da ni karanta farashin hatsi na kasuwa wata uku, a shekarar da farashin hatsi shi kansa sanarwar rasuwa ne.

Ranar Alhamis Malam Ari ya shimfiɗa tabarmi goma sha biyu. Biyu aka zauna a kai. Malaman unguwa kowa ya sami uzuri, Malam Ari da kansa ya raɗa wa yaron suna Mamman. Ya yanka ragonsa, a shekarar da rago ya fi ƙarfin masu albashi, ya rarraba naman gida gida. Ba a zo ba, amma ban ji gidan da ya mayar da naman ba. Kafin yaron ya yi arba'in gari ya sa masa nasa sunan, Ɗan Shiru, kuma da shi ya shiga lakwal.

'Ya'yan Malam Ari maza biyu ne, Kiari ɗan kasuwa da Lawan da ya zama mushe, wato malamin lakwal. Suka ce ba za su iya ɗaga kai a masallaci ba muddin ƙanwarsu tana gidan. Fanna ba ta jira an kore ta ba. Ta goya ɗanta ta koma Sabon Gari, ta kafa tukunyar tuwo a bakin tasha. Mazan da ba sa amsa gaisuwarta a hanya suna cin tuwonta suna kallon gefe. Mahaifinta kuwa kowace Juma'a, in an sauko, sai ya taka da ƙafa daga Birni har rumfarta, ya zauna a benci inda kowa zai gan shi, ya sa jikansa a cinya. Uban yaron ba a taɓa kiran sunansa ba, ko da yake ba a rasa sanin sa ba. Ni kaina na karanta sunan nan sau da yawa tun daga lokacin, kullum da Alhaji a gabansa, kuma ban taɓa tsayawa a kai ba.

Shekara ashirin da shida bayan haka, wata Laraba, ƙarfe tara saura, Alhaji Kiari da Mushe Lawan suka shigo birona, wato ofishina. Malam Ari ya cika da asuba, za a yi jana'iza bayan azahar don a jira mutanen Gaffati. Takardarsu shafi biyu ce, bugun inji, iyalai arba'in da uku, Faransa ce ta rufe. Na yi musu ta'aziyya, na bi ta da jan bik daga sama har ƙasa, na ba ta lamba shida.

Na ce, "Alhaji, an duba? Babu wanda aka manta?"

Ya ce, "Wanda aka manta, Allah Ya san da shi."

Suna wajen sakatare ana buga musu hatimi wata mace ta yi sallama. Ta haura arba'in, mayafinta na ƙanshin hayaƙin itace. Ban taɓa ganin ta kusa ba, amma ban tambayi sunanta ba.

Ta ce, "Kai ne Malam Isufu? Muryarka ta fi ka jiki."

Na ce ni ne, na yi mata gaisuwar rashi. Ta ajiye mini rabin shafin kaye, rubutun bik, layi uku. Fanna Ari da ɗanta Mamman, Sabon Gari, na sanar da rasuwar mahaifinta, kakansa, Malam Ari baduku na Birni. Za a yi jana'iza bayan azahar. Allah Ya jiƙansa.

Ta ce, "Ka duba bayanta tun yanzu, Malam. Babu komai."

Na duba, don ta ce in duba. Na shigar da ita kaye, lamba bakwai. Ina ɗaga bik Alhaji Kiari ya dawo ɗaukar hularsa da ya bari.

"Me ya kawo ki nan?"

"Abin da ya kawo ka, Yaya. Ubana ya mutu."

"An riga an ba da sanarwa."

"Ta uban su wa? Na ji an ce har da mutanen Faransa. Su suka yi masa wankin ciwo wata huɗu?"

Mushe Lawan ya ce, "Fanna, ki rufa mana asiri, yau ranar kuka ce."

Ta ce, "Yaya Lawan, asirin da aka buɗe da rediyo, da me za ka rufe shi?" Ba ta kalle ni ba da ta faɗi haka. Ta gyara mayafi ta fita, ta ce tana da baƙi.

Alhaji Kiari bai yi mini magana ba, ya san inda ake magana. Tallan shagunansa na taki da shinkafa yana fita a gidanmu safe da yamma. Minti goma bayan haka darekta ya kira ni. Darektoci ba sa cewa kada ka karanta. Ya tambayi lafiyar iyali. Ya ce gawa ɗaya, sanarwa biyu, ai maimaici ne, kuma lokacin iska yana da tsada. Ya ce me zai hana ta bakwai ta jira gobe. Na ce gobe an binne shi, takardar kuma gayyatar jana'iza ce. Na ce ta riga ta sami lamba, babu zagi a cikinta, babu ƙarya, in yana so a cire ta sai ya soke da hannunsa ya sa hannu a gefe. Na miƙa masa kayen da bik. Ya dubi bik ɗin kamar na miƙa masa kunama. Ya ce in yi amfani da hankalina.

A nan ne aikin yake, ku da kuke cewa karatu ne kawai. Iyalai arba'in da uku ba wuya, numfashi ne da haƙuri. Layi ukun nan su ne mafi wuyar abin da na taɓa karantawa. In na rage gudu, na ji tausayinta, gari zai ce ga mai laifi ana yi mata sassauci. In na ƙara gudu, ina jin kunyar sunanta. In na ɗaga murya, na shiga faɗan gidan da ba nawa ba. Dole Fanna Ari ta fito da nauyi ɗaya da iyalan wane na Jidda, ba ƙari ko na ƙwayar gero. Na sa jan alama ɗaya tak, bayan "Sabon Gari". Tsakanin sunanta da na ubanta, da tsakanin nata da na ɗanta, ban bar wa numfashi wuri ba.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi jar fitila ta kama. Na karanta ta ɗaya zuwa ta biyar: aure biyu, cigiyar akuya, taron masu kabu-kabu, wata rasuwa a Zango. Na karanta ta shida har Faransa. Na sha ruwa kafin ta shida, ba bayanta ba, don kada kurɓar ta zama magana. Na karanta ta bakwai. Na wuce ta takwas, wani ya tsinci katin ɗan ƙasa a kasuwa. Da muka fito Tanimun ya nuna mini hannunsa a dunƙule. Bai sami abin ƙirgawa ba.

Gari kuwa ya sami abin ƙirgawa. Kafin azahar an gama lissafi a kowane lungu: iyalai arba'in da uku, har da na ƙasar Turawa, babu gurbin 'yar cikin mamacin. Bakunan da suka yi shekara ashirin da shida suna auna laifin Fanna, a yini ɗaya suka juya ma'auni kan yayyenta, kuma ba su nuna alamar gajiya ba. Matan da suka hana 'ya'yansu wasa da Ɗan Shiru suka ce su dama tun farko abin bai yi musu daɗi ba. Da aka fito da makara, Mamman, wanda yanzu yake gyaran babura a bakin tasha, ya sa kafaɗa a kusurwar gaba. Kowa ya dubi na kusa da shi ko zai hana, shi ma na kusan yana duban wani, har aka isa maƙabarta. A zaman makoki, Alhajin nan da ban taɓa tsayawa a kan sunansa ba ya zo gaisuwa cikin babbar riga. An ce ya girgiza kai ya ce zumunci ya lalace a wannan zamani.

Mai tabarau ya tambaye ni ko Fanna ta zo ta yi godiya. Na ce ba ta zo ba, kuma ba a yi wa mai sanarwa godiya don ya karanta abin da ke takarda.

Alhaji Kiari ya janye tallansa. Darekta ya mayar da ni farashin hatsi wata guda, karo na biyu a rayuwata, a kan gida ɗaya. Na dawo kwana tara kafin sadakar arba'in. Mushe Lawan ne ya kawo takardarta, shi kaɗai: shafi biyun nan dai, bugun inji, sai a can ƙasa, bayan Faransa, an ƙara da bik, na arba'in da huɗu, Fanna Ari. Sunan Mamman bai shiga ba. Da hantsi Fanna ta aiko da tata, layi uku, da sunansa a ciki. Tun daga ranar, duk wani sha'ani na gidan Malam Ari takarda biyu yake zuwa mana, kuma a jere ake karanta su.